Mene ne "kubik" da injiniya ke faɗa a wurin gini?

Duk wanda ya kai gininsa matakin dekin, a Rigasa ne ko Unguwar Dosa, zai ji injiniya ya ce, "Alhaji, kubik 18 ne." Mai gida sai ya gyaɗa kai, alhali adadin buhunan siminti kawai yake jira ya ji. To, daga wannan kubik ɗin ake fitar da buhunan, da yashi, da tsakuwa.

Kubik ɗaya shi ne kankaren da zai cika akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Lita 1,000 ke nan, nauyinsa kuma ya kai wajen kilo 2,400. Lissafin bai wuce a ninka tsawo da faɗi da kauri ba. Dekin mai mita 12 da mita 10, kaurinsa santimita 15, wato inci 6 da aka saba yi, shi ne 12 sau 10 sau 0.15. Ga kubik 18 ɗin Alhaji ya fito. A dai mayar da komai mita kafin a ninka, don mu a nan fili da ƙafa muke aunawa, bulo da inci, zanen gini kuma da milimita yake zuwa.

Inda lissafin ke ruɗa mutane shi ne kayan haɗi. Kubik ɗaya na busassun kaya ba ya ba da kubik ɗaya na kankare. Da an zuba ruwa an cakuɗa, yashi zai shige ramukan da ke tsakanin tsakuwa, siminti ya shige na yashi, tarin ya sauka. Shi ya sa ake ninka kubik ɗin da 1.54 kafin a raba shi tsakanin siminti, yashi da tsakuwa. A haɗin 1:2:4, wato kashi 1 siminti, 2 yashi, 4 tsakuwa, wanda aka fi sani a dekin da fila da linta, kowane kubik yana cin buhu 6 da 'yan kai na siminti mai kilo 50, da kubik 0.44 na yashi, da 0.88 na tsakuwa. Dekin ɗin Alhaji zai ci buhu kusan 114, yashi kubik 8, tsakuwa kubik 16. Haɗin 1:3:6 kuwa, na shimfiɗar ƙasan harsashi, bai kai buhu 4 da rabi ba a kubik.

Leburori ba ruwansu da waɗannan alƙaluma, su da kwanon sarki suke aiki. Buhu ɗaya kwano biyu ake ɗaukarsa, saboda haka 1:2:4 a wurinsu shi ne buhu 1, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Mai gini ya tsaya ya ƙirga da idonsa, musamman bayan azahar da gajiya ta fara shiga, lokacin da kwanon yashi ke soma yin tozo.

Ni na fi tsoron maginin da ya ce buhu 80 za su isa wannan dekin a kan wanda ya ce 130. Na biyun, in ma cuta ce, a aljihu ta tsaya. Na farkon ko dai kaurin zai rage ko ya cika yashi, kuma iyali ne za su kwana a ƙarƙashin abin.

Kada kuma a sayi adadin cif-cif. Ana ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari saboda zubewa da lanƙwasar katakon da ake zuba kankaren a kai. Katakon ƙasa ya sauka da santimita 1 kacal a faɗin dekin ɗin nan, kubik 1.2 ya ƙaru, fiye da buhu 7 ke nan. Bim, wato gicciyen kankaren da ke ɗauke da dekin, da matakala lissafinsu daban ne, fila ma haka: mai inci 9 kowane gefe da tsayin mita 3 tana cin kusan buhu guda. Kayan kuma su kasance a ƙasa tun jajibere, don in siminti ya yanke ana tsakiyar zuba, wanda aka fara zubawa zai daskare kafin a dawo daga kasuwa, sabon kuma ba zai kama shi yadda ya kamata ba.