Ɓangaren faifai ya ƙi hawa bayan fomat: tambayoyi da amsoshi

Fomat ɗin ya kammala ba tare da kuskure ba. Me ya hana ɓangaren hawa, wato kwamfuta ta ɗora shi (mount) don a iya buɗe shi?

Galibi faifan lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce take neman abin da ya riga ya tafi. Duk sanda aka yi fomat da mkfs, umarnin yin fomat a Linux, sabon tsarin fayil yana samun sabuwar lambar shaida da ake kira UUID. A Linux kuwa, fayil ɗin /etc/fstab ne ke riƙe da jerin ɓangarorin da za a ɗora idan kwamfuta ta tashi, kuma yawanci da wannan lambar yake gane su. Lamba ta canza, fstab bai sani ba, sai ya ci gaba da kiran tsohuwar. Rubuta blkid, kwafi sabuwar lambar, ka sa ta a gurbin tsohuwar cikin fstab. Bayan nan ka ba da umarnin systemctl daemon-reload, domin systemd, tsarin da ke tafiyar da tashin kwamfuta, yana riƙe da abin da ya karanta tun farko, sannan ka gwada mount -a. Kada ka sake kunna kwamfutar sai wannan gwajin ya wuce lafiya.

To ni kwamfutar ma ta ƙi tashi gaba ɗaya, ta tsaya a baƙin allo tana neman kalmar sirrin root, wato babban asusun mai kula da kwamfutar.

Ciwon ɗaya ne, ya dai fi tsanani. Idan systemd bai ga ɓangaren da fstab ya ce dole a ɗora ba, yakan jira daƙiƙa 90, sannan ya faɗa yanayin gaggawa. Shiga, buɗe fstab, gyara lambar ko ka sa alamar # a farkon layin ɓangaren domin a tsallake shi. Shawarata ita ce duk faifan da ba shi ke ɗauke da tsarin aikin kwamfutar ba, musamman na waje, a ƙara masa nofail a cikin zaɓuɓɓukansa. Rashin faifan ajiyar hotuna bai kamata ya hana kwamfuta tashi ba.

Saƙon da nake gani shi ne "wrong fs type, bad option, bad superblock". Faifan ya lalace ke nan?

Ba lallai ba. Wannan saƙo dunƙulalle ne, matsaloli da dama ke fitowa da shi, shi ya sa yake firgita mutane fiye da kima. Fara da lsblk -f ka ga abin da ke kan ɓangaren a zahiri. Idan da tsarin fayil ɗinsa NTFS ne ka mayar da shi ext4 amma fstab har yanzu yana cewa ntfs, ka sami bakin zaren. Duba kuma ko faifan gaba ɗaya ka yi wa fomat, wato /dev/sdb, alhali kana ƙoƙarin ɗora /dev/sdb1, ko akasin haka. Lamba ɗaya ce ta bambanta su, kuma kuskuren yana faruwa sosai.

Wani lokacin kanel ne, wato zuciyar Linux, bai san tsarin da ka zaɓa ba. exFAT ya shiga kanel ɗin Linux ne a sigar 5.4 a 2019, direban ntfs3 kuma a 5.15 a 2021, don haka tsohuwar na'ura tana iya buƙatar ƙarin manhaja. Nan take bayan mount ya gaza, rubuta dmesg ka karanta layukan ƙarshe. A can kanel yake faɗin ainihin abin da ya dame shi.

Ragowar tsohon tsari a kan faifan zai iya hana shi hawa?

Kowane tsarin fayil yana ajiye tambarinsa a wani wuri na daban a kan faifai. Yana yiwuwa sabon fomat ya bar tambarin tsohon tsarin ajiya, kamar RAID ko ZFS, a inda bai taɓa ba, sai kwamfuta ta ga tambari biyu ta rasa wanda za ta bi. Umarnin wipefs tare da sunan ɓangaren kawai yana nuna su ba tare da ya goge komai ba. wipefs -a ne ke share su duka, har da sabon, saboda haka sai ka sake fomat bayansa, kuma ka tabbatar da sunan ɓangaren kafin ka danna. Idan ka taɓa teburin rabon faifai, partprobe zai sa kanel ya sake karanta shi.

Ya hau, amma ba na iya ajiye komai a ciki.

Sabon ext4 mallakin root ne. Yi amfani da chown a kan babban fayil ɗin da ka ɗora shi, bayan ya hau, ba kafin nan ba.

A Windows fa? Ba na ganinsa ko kaɗan.

Buɗe Disk Management. Idan ɓangaren yana nan amma ba shi da harafi, ba shi ɗaya. Idan ext4 ne, Windows ba ya karanta shi kai tsaye, kuma yana iya ce maka ka yi masa fomat. Kada ka yarda idan akwai kayanka a ciki. Akwai kuma tarkon da mutane da yawa ba su sani ba: mkfs ba ya canza nau'in da aka rubuta wa ɓangaren a teburin rabo. A teburin rabo irin na MBR, lambar nau'i 83 ta Linux ce, 07 ta NTFS da exFAT. Ka yi exFAT a kan ɓangaren da ke ɗauke da 83, Windows zai iya kau da kai daga gare shi. Harafin t a cikin fdisk, manhajar raba faifai ta Linux, yana gyara wannan ba tare da ya taɓa bayanai ba.

Yaushe zan zargi faifan kansa?

Idan dmesg yana nuna kurakuran I/O, wato na karatu da rubutu a faifai, ko faifan yana ɓacewa yana dawowa. Canza waya da mashigar USB tukuna, sannan ka duba lafiyarsa da smartctl -a. In adadin gurbatattun sassa yana ƙaruwa, daina maimaita fomat, domin ba zai warkar da shi ba. Kwashe abin da ya rage ka sauya faifan.