Harbin kuskure a farauta: "tsautsayi ne" ba ya wanke mutum

Mafarauta da yawa sun ɗauka cewa idan ka harbi mutum a daji kana zaton barewa ce, magana ta ƙare, tunda ba da gangan ba ne. Doka ba ta ce haka ba.

Dokar hukunta laifuka ta Penal Code da jihohin Arewacin Najeriya suka gada tun 1960 ta yarda da tsautsayi a sashe na 48, amma da sharaɗi: aikin ya zama halattacce, kuma an yi shi da cikakkiyar kula. A nan mutane ke faɗawa cikin matsala. Wanda ya ga ciyawa ta motsa da daddare ya saki harsashi bai tantance me ke ciki ba, da wuya alƙali ya kira wannan kula. Sashe na 222(7) ya sa kisa ta ganganci ko sakaci cikin laifin kisan kai da ba a yanke wa hukuncin kisa, kuma sashe na 224 ya ba da damar ɗauri har na rai da rai, ko tara.

A shari'ar Musulunci ma, kisan kuskure yana da diyya da kaffara, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, sai dai in dangin mamacin sun yafe diyyar.