Gwajin ƙasa kafin gini: wa doka ta wajabta wa, wa ake tsoratarwa a banza?

Tun ambaliyar 2022 da ta kwantar da gidaje a Ringim, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja, duk damina sai maganar nan ta dawo majalisu da zaurukan WhatsApp: wai gwamnati ta hana ginin ƙasa, wai ko ɗaki ɗaya za ka tayar wa ɗanka mai shirin aure sai ka biya kuɗin gwajin ƙasa, in ba haka ba a rushe. Jama'a, ba haka abin yake ba, kuma irin wannan tsoro shi ke buɗe wa 'yan damfara ƙofa.

Abin da ake jingina maganar da shi shi ne kundin ƙa'idojin gini na Najeriya na 2006. Kundin yana so a san yanayin ƙasar wuri kafin a zana harsashi, kuma ƙwararru masu rajista su ɗauki alhakin aikin. Bai haramta tubali ba. Hasali ma NBRRI, cibiyar tarayya mai binciken gini da hanyoyi, ta daɗe tana tallata bulon jar ƙasa da ake haɗawa da ɗan siminti a matse. Sannan tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Duk wanda ya zo ƙauyenku ya ce daga Abuja aka aiko shi karɓar kuɗin gwaji, kada a ba shi ko sisi.

A aikace, rahoton gwajin ƙasa ana neman sa ne a kan bene, makaranta, asibiti, gidan mai da manyan gine-ginen da jama'a ke taruwa a ciki, musamman a wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni, inda a Kano hukumar tsara birane ta jihar, KNUPDA, ke da iko.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne diyya. Da yawa sun ɗauka duk ginin da hukuma ta taɓa sai ta biya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, a sashe na 28 da na 29, ta yi maganar diyya ne idan gwamnati ta karɓe filinka don amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta. Nan za a biya ka abin da ka gina ko ka shuka. Ginin da aka ɗora kan hanyar ruwa ba da izini ba, aka kawar da shi don ya tare ruwa, ba shi wannan sashe ke nufi ba. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu shaida ce cewa ka saya. Ba izinin gini ba ce, ballantana ta zama shaidar cewa ƙasar za ta ɗauki nauyi.

To amma ko babu jami'in da zai taɓa leƙo ka, ƙasar ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Ƙasa mai yashi tana tsotse ruwa da wuri, matsalarta zaizaya, shi ya sa harsashi mara zurfi ke fitowa fili bayan 'yan damuna. Lakar fadama ta fi haɗari: ta sha ruwa ta kumbura, rani ya zo ta tsuke ta dare, katanga ta bi ta, sai ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga. Mafi muni shi ne tsohon kududdufin da aka cike da bola aka yanka fuloti. Shara tana ruɓewa tana zama a hankali, bulo da rodi komai tsadarsu sai sun sunkuya. Tsofaffin magina sun san wannan tun kafin a rubuta kundi: a haƙa har a tarar da ƙasa ta asali mai tauri, a ɗaga daɓe sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, a sa indararo mai tsawo don kada ya zuba a gindin bango, a nisanta ramin masai daga harsashi.

A ganina ƙa'idar tana da hujja a kan bene, domin ran mutane ne a ciki. Abin da ban ga adalcinsa ba shi ne a zuba ido ana cike kududdufai ana sayarwa, sai talaka ya zuba kuɗin amfanin gonarsa ya gina, sannan a zo da jan fenti. Wanda ya yanka filin ya ci riba ya tafi. Injiniyoyin gwajin kuma galibi suna birni, mutumin karkara sai ya biya har da kuɗin motarsu. Kamata ya yi kowace ƙaramar hukuma ta fitar da sunayen wuraren da ba su ginuwa, a karanta a masallatan Juma'a kafin mutane su kai kuɗinsu.