Waiwaye: Yadda Aka Koyi Haɗa Sabo da Tsoho a Gyaran Gine-ginen Tarihi

Duk maginin da aka kira gyaran tsohon gini, tambayar da ke fara tare shi ita ce da me zai cike gurbin abin da ya zube. Muhawarar da ake yi a kan wannan tambaya ta kai shekara ɗari biyu, kuma ta faro ne daga abin da ido ke gani, kafin asara ta koya wa masana cewa halin kayan gini ya fi kamanninsa muhimmanci.

A farkon shekarun 1820, lokacin da masanin gine-gine Giuseppe Valadier ya gyara Ƙofar Titus, wata tsohuwar ƙofar tunawa da nasara a birnin Rum, ya cike sassan da suka ɓace da wani dutse dabam da farin mabul na asali, ya kuma bar su ba tare da cikakkiyar sassaƙa ba, domin wanda ya matso kusa ya gane inda aikin dā ya tsaya. Bayansa ra'ayi ya rabu biyu. A Faransa, masanin gine-gine Viollet-le-Duc yana ganin ya halatta a kammala gini har ya kai siffar da watakila bai taɓa samu ba, shi kuwa marubuci John Ruskin na Ingila ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin ƙarya. Ra'ayin Ruskin ne William Morris ya bi lokacin da ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877.

Darasin da ya fi zafi ya fito ne daga tudun Akropolis na birnin Atens a Girka. Maginan da suka gina haikalin Parthenon, fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun ɗaure duwatsu da ƙarafa, amma sai da suka narka dalma suka zuba a kewayen kowane ƙarfe don kada danshi ya same shi. Injiniya Nikolaos Balanos, wanda ya jagoranci gyaran wurin daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1930, ya yi amfani da ƙarfe ba tare da wannan cikakkiyar kariya ba, ya kuma cike wasu gurabe da kankare. Daga nesa aikin ya yi kyau, har aka yaba masa. Da shekaru suka ja, ruwa ya shiga, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya dinga tsaga mabul ɗin daga ciki, dutsen da ya jure girgizar ƙasa da yaƙe-yaƙe ya fara ɓantarewa a sanadin gyara. A 1975 gwamnatin Girka ta kafa kwamitin masana, aka shiga sauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ana zare ƙarafan ana maye gurbinsu da titaniyom wanda ba ya tsatsa. Sabon mabul kuwa daga dutsen Penteli ake yanko shi, inda na asali ya fito, a sassaƙa shi har ya zauna daram a bakin karayar tsohon. Mai ziyara a yau zai ga sabon fari fat a jikin tsohon da ya yi launin zuma.

Wannan ya dace da Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan gyaran gine-ginen tarihi, wadda ta ce abin da aka ƙara ya zauna lafiya da ginin baki ɗaya, amma a iya bambance shi da na asali domin kada a gurɓata shaidar tarihi. Sai dai an rubuta ta ne da gine-ginen dutse a zuciya, shi ya sa taron Nara na Japan a 1994 ya faɗaɗa ma'anar asali, ya shigo da fasahar hannu da al'adar masu ginin, tunda akwai ƙasashen da sabunta katako ko ƙasa lokaci-lokaci shi ne hanyar da ginin ke rayuwa.

A ganina nan ne maganar ta shafe mu kai-tsaye, domin abin da ƙarfe ya yi wa Parthenon shi ne siminti ke yi wa ginin ƙasa. Bangon tubali yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani, amma idan aka yi masa shafen siminti sai ruwan da ya kutsa ta tsaga ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ciki. Wanda ya ƙwanƙwasa irin wannan bango zai ji yana amsawa kamar ganga, kuma wata rana shafen zai ɓalle gaba ɗaya ya taho da fuskar ginin. Maginanmu na dā suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma dukansu suna kore ruwa ba tare da toshe bango ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin kusan mita 27, a birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, tana nan tsaye saboda ana sabunta yaɓenta da ƙasa irin tata, magina suna hawa ta kan itatuwan da suka fito daga jikinta.