Hunhunar bango da tarin yara, ga amsa sau ɗaya don Allah

Tun da ruwan Agusta ya sauka ban huta ba, daga Bagalam har unguwar Zariya a nan Maraɗi tambayoyin iri ɗaya ne, har wurin suna sai an ja ni gefe. To ga su nan.

Baƙin nan da ya fito bayan gado datti ne?

Hunhuna ce, wadda Kanawa ke ce wa fumfuna. Abu ne mai rai, laima ce ke rayar da ita, kwana biyu da jiƙewar wuri sun ishe ta tsirowa.

In na yi turaren wuta warin zai tafi?

Hajiya, kin rufe wari kin ƙara wa yaro hayaƙi, ga na maganin sauro da ake kunnawa har asuba. Ki buɗe taga kawai.

Da gaske tana sa yaro tari?

Da gaske. Ƙurarta ido ba ya gani, shaƙarta ake yi. Mai huka, wato asma, tana tayar masa da ita, wani kuma toshewar hanci ce da tarin dare da numfashi mai fito kamar usur. Amma ba kowane yaro ba ne, kar ki hana kanki barci don kin ga tabo ɗaya.

Ɗakin ƙasa ne guda na haya, mai gida ya ƙi gyara, in wanke da ruwan Javel?

Wannan kam ya danganta. In siminti ne ko fenti mai santsi, sabulu da ruwa ma sun isa, in kin ga dama ki bi da Javel, wato bilic, da aka tsarma da ruwa da yawa, yara na waje, taga a buɗe, kuma kar ki kuskura ki haɗa Javel da wani maganin wanki, iskar da ke tashi guba ce. Bangon ƙasa kuwa shanye ruwan zai yi, kin ƙara masa laimar da kike gudu ke nan, gara a kankare wurin a bari ya sha iska sosai sannan a sake yaɓe, mai kankarar ya ɗaure hanci. Shi ma ɗin in kwano na yoyo ko ruwa na kwanciya a gindin bango ta waje, aikin banza ne, sati biyu ta dawo. Don haka ni sai in ce a fara da indararo da toshe yoyon ko da kuɗinki ne, ki yi magana da mai gida a cire a kuɗin haya in mai jin magana ne. Kafin nan ki janye gado da akwatuna daga jikin bango kamar taki ɗaya, yaro ya kwanta ɓangaren da ya fi bushewa. Na taɓa ɗaga katifar wata baiwar Allah, samanta tsaf da zanin gado mai fure, ƙasanta kore shar ta manne da leda, a kanta jariri ke kwana wata uku. Katifar soso in ta kai haka rana ba ta cika fitar da ita ba, na san tsada, amma tabarma ta fi ta.

Wane siron tari zan saya?

Wajen mai tallar magani a tire? Haba. Shi bai ji ƙirjin yaron ba, ke ma ba ki ji ba.

To yaushe zan kai shi likita?

Wannan ita ya kamata ku fara yi mini. Ki ɗage rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Jariri ƙasa da wata 2, in ya kai 60. Wata 2 zuwa shekara, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. Ko ki ga ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko leɓe ya yi duhu. Ki tafi CSI, wato asibitin unguwa, a lokacin, ko dare ne, kar ki jira babansa ya dawo daga kasuwa. In da zafin jiki a gwada masassarar sauro, lokacinta ne. Tarin da ya wuce sati biyu ma a je a duba.

Ai hunturu ya kusa, zai busar da ita ko?

Zai busar, busasshiyar ma tana tashi a shaƙa, ga ƙurar hunturun a kai. Ki goge yanzu.