Gola a ƙasar waje: me ya sa ƙofar ta fi ƙunci?

Wanda ke leƙa Murtala Square a Kaduna da sassafe zai ga wasu yara a gefe, sanye da safar hannu, suna ta zubewa a turɓaya. Ga abin da su da iyayensu suka fi tambaya.

Me ya sa 'yan gaba ke ta fita, gola kuwa sai jefi-jefi?

Gurbi ɗaya ne a raga. Ɗan gaba ko yana benci, koci kan sa shi a minti ashirin na ƙarshe ya nuna kansa. Gola na biyu kuwa sai kaka ta ƙare bai taɓa ƙwallo ba. Ƙasashe irin su Sifaniya da Italiya kuma sun ƙayyade yawan 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba, kulob kuwa ya fi son ya ba mai zura ƙwallo wannan gurbi. Sannan ga harshe. Gola da baki yake rabin aikinsa, wanda bai iya yi wa 'yan bayansa tsawa da yarensu ba ya shiga uku.

Mu nan Kaduna mun gani a gida guda. Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, wanda gola ne, duk suna cikin tawagar Najeriya da ta ci zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Ƙanen, ɗan baya, shi ya kai Chelsea a 1997.

To yaya Vincent Enyeama, tsohon golan Super Eagles, ya yi?

Da haƙuri. Sai da ya ci kofin zakarun Afirka sau biyu da Enyimba, a 2003 da 2004, sannan ya tafi Isra'ila a 2005. Lille ta Faransa ta ɗauke shi a 2011, ta ajiye shi a benci, har ta mayar da shi Isra'ila aro. Da ya dawo a 2013, yana ɗan shekara 31, ya yi minti 1,062 ba a zura masa ƙwallo a gasar Faransa ba. A wannan shekarun ɗan gaba ya fara tunanin ritaya.

Dole sai Turai?

A'a. Stanley Nwabali daga Katsina United ya koma Chippa United ta Afirka ta Kudu. Daga can aka kira shi Super Eagles, ya tare fenareti biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024. A ganina gara ƙaramin kulob da za ka tsaya a raga duk mako da babban da za ka riƙa ɗumama benci.

Me masu neman 'yan wasa ke dubawa?

Tsawo, fitowa a kama ƙwallon sama, sai ƙafa. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, yanzu kuma daga gola ake fara kai hari. Yaranmu sun iya tsalle, amma a ba su ƙwallo a ƙafar hagu ka sha kallo.

Ɗana shekararsa 16, wani ya ce in kawo kuɗin biza ya kai shi gwaji. In bayar?

Kada ka bayar, Alhaji. Dokar FIFA ta hana kulob na wata ƙasa ya yi wa ɗan wasa rajista kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyaye su ƙaura can don dalilin da ba na ƙwallo ba. Ka ce ya nuna maka lasisinsa na FIFA da takardar gayyata daga kulob ɗin, sannan ka sa a tuntuɓi kulob ɗin kai tsaye a ji ko sun san da zancen.