Waiwaye: Da'irorin Gonakin Ingila, Daga Laujen Shaiɗan Zuwa Katako da Igiya

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, alkama ta fara nuna a kudancin Ingila, sai hotuna su cika intanet. Gona ce shimfiɗe, a tsakiyarta an kwantar da hatsi an fitar da zane mai da'ira cikin da'ira, tsaf kamar aikin mai ɗinkin hula. Ƙarƙashin hoton akan ce abin ya faro tun ɗaruruwan shekaru, kuma har yau ba a san mai yi ba. Zancen ɗaruruwan shekarun nan ya fi jan hankalina, domin a kansa sauran maganar ta jingina. In har tun ƙarni na 17 ake ganin irin wannan zane, to batun ya fi ƙarfin masu shiga gona da dare su kwantar da hatsi da igiya da katako. Shi ya sa ya dace a buɗe tsofaffin rahotannin a ji abin da suka faɗa da bakinsu.

Wanda aka fi ambata wata 'yar ƙasida ce da aka buga a watan Agustan 1678, mai ɗauke da labari daga gundumar Hertfordshire, arewa da Landan. Wani manomi mai hali ya nemi wani talaka ya yanke masa hatsin ot, dangin alkama da sha'ir. Suka kasa daidaitawa a kan kuɗin ƙwadago, rai ya ɓaci, manomin ya rantse gara Shaiɗan ya yanke masa da dai wannan mutumin ya taɓa gonar. A daren aka ga gonar kamar tana ci da wuta. Da gari ya waye aka tarar an yanke hatsin an jera shi a kewaye, jerin da ƙasidar ta ce ya fi ƙarfin hannun ɗan Adam, har mai gonar ya kasa kwashe abinsa. A bangon ƙasidar akwai hoton wata baƙar halitta riƙe da lauje tana yanka a zagaye, kuma wannan hoton ne ya sa labarin ya yi farin jini a zamaninmu. Sai dai duk wanda ya karanta da idon basira zai ga hatsin nan yanke shi aka yi da lauje, alhali da'irorin yau kwantar da kara ake yi ba tare da an yanke ko ɗaya ba. Ƙasidar kuma wa'azi ce irin na zamaninta, gargaɗi ga mai dukiya da ke danne haƙƙin ma'aikaci da kuma mai sakin baki da rantsuwa. Babu wanda ya alaƙanta ta da da'irorin gona sai a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masu bibiyar batun suka shiga tonon tsofaffin takardu suna nema wa abin nasu asali.

Shekara takwas bayan ƙasidar, a 1686, Robert Plot na Jami'ar Oxford ya wallafa littafi a kan ƙasa da halittun gundumar Staffordshire. Ya yi bayanin zobba da ke fitowa a ciyawar makiyaya, waɗanda mutanen ƙauye ke cewa wurin rawar aljanu ne, shi kuwa ya ɗora alhakin a kan tsawa. Daga baya aka gane aikin wani nau'in naman kaza ne da ke yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa daga tsakiya zuwa waje. Wannan ma wani abu ne daban.

Rahoton da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na John Rand Capron, lauya a garin Guildford na gundumar Surrey, mai sha'awar kimiyya. A watan Yulin 1880 mujallar Nature ta buga wasiƙarsa. Ya ce an yi ta hadari mai ƙarfi a yankinsu, sai ya je gonar alkamar wani maƙwabcinsa ya ga wurare da hatsi ya kwanta, waɗanda daga nesa suke kama da da'ira. Da ya matsa kusa ya ga 'yan karare tsaye a tsakiya, wasu kwance sun kewaye su kansu na fuskantar gefe guda, sannan a waje hatsin da ba abin da ya taɓa shi ya tsaya kamar bango. Ya ce shi dai a ganinsa aikin iska ce mai juyawa. Ina ganin mutumin nan ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, bai ƙara gishiri ba. Kuma duk wanda ya taɓa shiga gonar gero ko shinkafa washegarin ruwa da iska ya san yadda hatsi ke kwanciya, wani wuri a miƙe, wani wuri a murɗe. Capron bai ambaci miƙaƙƙen layi ko kusurwa ko zanen da ya yi daidai ta kowane ɓangare ba. Tabo-tabo ya gani bayan hadari, ya kuma faɗi hadarin tun a farkon wasiƙarsa.

Daga nan sai a tsallaka zuwa Ostireliya, inda zaren labarin na zamani ya faro. Ranar 19 ga Janairun 1966, wani manomin ayaba mai suna George Pedley yana tuƙa tarakta kusa da garin Tully a jihar Queensland, ya ce ya ga wani abu mai kama da faranti ya tashi daga wata fadama ya ɓace a sama. A wurin aka tarar da ciyayin ruwa sun tuge sun murɗe a zagaye, faɗin wajen mita 9. Jaridu suka sa wa wurin suna sheƙar farantin sama. 'Yan sanda da rundunar sojan saman ƙasar da Jami'ar Queensland sun duba, suka karkata ga cewa guguwa ce ko iska mai saukowa da ƙarfi. Amma labarin farantin ya riga ya yi fiffike, domin shekarun nan duniya ta cika da zancen baƙin halittu daga wata duniya.

Cikin waɗanda suka karanta labarin Tully akwai wani Baturen Ingila, Doug Bower, mai zane da yi wa hotuna firam, wanda ya yi shekaru a Ostireliya kafin ya koma Southampton. Yana da aboki, Dave Chorley, shi ma mai zane. A rabin ƙarshe na shekarun 1970, bayan hirar dare a wata mashaya kusa da Winchester, Bower ya kawo shawarar su shiga gonar alkama su kwantar da hatsi a zagaye don a ce farantin sama ya sauka. Da farko da sandar ƙarfen ƙofar shagon Bower suka yi amfani, daga baya suka koma katako mai igiya a kowane gefe: a riƙe igiya, a taka katako da ƙafa, a matsa gaba. Don fitar da miƙaƙƙen layi Bower ya maƙala 'yar waya mai zobe a bakin hularsa hana-sallah, yana saita wani abu mai nisa ta cikinta. Shiga gonar kuwa ta sawun tayar tarakta ake yi, don kada a bar alamar ƙafa.

Shekarun farko ba wanda ya kula. Sai a watan Agustan 1980 jaridar Wiltshire Times ta ba da labarin da'irori uku a gonar ot a ƙasan tsaunin Westbury, inda aka zana farin doki a jikin tudu. A 1981 wasu uku suka bayyana a kwarin Cheesefoot Head na gundumar Hampshire, wurin da duk mai wucewa a mota yake hango shi daga sama. Daga nan masana da masu son zama masana suka rabu gida biyu. Terence Meaden, masanin yanayi, ya ce wata irin guguwa ce mai ɗauke da lantarki da ke tasowa a bayan tuddai. Pat Delgado da Colin Andrews, dukansu injiniyoyi, suka ce akwai wani hankali da ba na mutum ba a bayan abin, kuma littafin da suka fitar a 1989 ya yi kasuwa ƙwarai. Bower ya ce bayanin guguwa ne ya sa su fara ƙara miƙaƙƙun layuka da zane mai kusurwa huɗu, don su ga yadda za a ce iska ta yi su.

1990 ita ce shekarar da abin ya kai ƙololuwa. A watan Yuli wani dogon zane mai da'irori da layuka da 'yan rassa kamar haƙoran mabuɗi ya bayyana a Alton Barnes, mutane suka yi ta tururuwa har mai gonar ya sa kuɗin shiga fam ɗaya. A watan ne kuma aka kafa sansanin gadi a tudun Bratton, da na'urorin ɗaukar hoton dare da tallafin BBC da wani gidan talabijin na Japan. Da sassafe aka sanar wa duniya cewa an kama abin yana faruwa. Da aka shiga gonar sai aka tarar da allon wasan duba da gicciyen katako an ajiye a tsakiyar da'irorin. Mutane ne suka yi, a gaban masu gadin.

A watan Satumbar 1991 Bower da Chorley, dukansu sun haura sittin, suka fito a jaridar Today suka ce su ne, kuma sun yi sama da 200. Kafin a buga labarin sun yi wani zane a wata gona a Kent a gaban 'yan jarida, aka gayyato Delgado, ya duba ya ce wannan ba aikin mutum ba ne. A shekarar ma wata ƙungiyar masu bin diddigi ta yi wa Meaden irin wannan gwaji a gaban talabijin, shi ma ya ce na gaske ne. A nan ne, a ganina, batun ya yanke. Ba a buƙatar yarda cewa dattawan nan biyu su suka yi kowace da'ira, su ma ba su ce haka ba. Abin da ya tabbata shi ne waɗanda ake kira ƙwararru ba su da ma'aunin bambance "na gaske" da na mutum. A 1992 aka shirya gasa a West Wycombe da kyautar fam 3,000, aka ba ƙungiyoyi zane mai wuya su fitar cikin dare, injiniyoyi uku na kamfanin jirage masu saukar ungulu na Westland suka ci da igiya da bututun roba da katako da tsani.

Abin mamaki, tonon asirin bai kashe al'adar ba, sai ma ya mayar da ita sana'a. Matasan masu zane irin su John Lundberg da Rod Dickinson suka ɗora daga inda dattawan suka tsaya, da lissafi da tef ɗin awo, har kamfanoni na biyan su su yi musu talla a gona. A watan Yulin 1996 zane mai da'ira 151 ya bayyana daura da tsoffin duwatsun Stonehenge. A watan Agustan 2001 aka wayi gari da na Milk Hill, da'ira 409 a hannuwa shida masu lanƙwasa, faɗinsa ya haura mita 200. Dole a yaba kyansu, musamman da yake daren bazarar Ingila gajere ne. Amma a lura da yadda zanen ya girma tare da gwanintar masu yi, daga da'ira ɗaya zuwa lissafi mai sarƙaƙiya cikin shekara ashirin. A lura kuma da inda suke fitowa: binciken Jeremy Northcote a kan da'irorin farkon shekarun 2000 ya nuna sun fi taruwa kusa da hanyoyin mota da garuruwa da wuraren tarihi irin su Avebury, wato inda za a gani.

Hujjar da ta rage wa masu cewa ba aikin mutum ba ne ita ce ta gaɓar kara. A 1994 wani mai bincike a Amurka, W. C. Levengood, ya wallafa cewa gaɓoɓin hatsin da ke cikin da'ira sun fi tsawo kuma sun lanƙwashe, ya danganta haka da wani zafi mai kama da na na'urar ɗumama abinci. Masana tsirrai suka amsa da abin da kowane manomi ya sani: ɗanyen karan da ya kwanta, bayan kwana ɗaya ko biyu yakan ɗago kai daga gaɓa, domin ɓangaren ƙasa na gaɓar yana girma fiye da na sama. Dawar da iska ta kayar ma haka take yi.

Wanda aka fi mantawa da shi a duk wannan tarihi shi ne mai gona, kuma wannan yana damuna. Hatsin da aka kwantar injin girbi na iya ɗaga wani abu daga ciki, amma wanda ɗaruruwan 'yan kallo suka tattake ya tafi ke nan. A Hungari a 1992 wasu ɗaliban makarantar aikin gona biyu 'yan shekara 17 suka yi da'ira mai faɗin mita 36 kusa da garin Székesfehérvár, daga baya suka bayyana kansu a talabijin. Kamfanin da ke da gonar ya kai su kotu yana neman forint 630,000 na kuɗin ƙasar. Alƙali ya ce su biya 6,000 kawai, kuɗin abin da suka kwantar da ƙafarsu, domin sauran ɓarnar dubban masu zuwa kallo ne suka yi. A Ingila sai a watan Nuwamban 2000 aka fara hukunta wani a kan wannan aiki, Matthew Williams, wanda kotun Devizes ta ci tarar fam 100. Yanzu manoma da yawa a Wiltshire ba sa jiran kowa. Da zarar an wayi gari da zane, sai su shiga da injin su aske wurin kafin motocin 'yan kallo su iso, su haƙura da asarar wannan yanki don su tsira da sauran gonar.